Feshi a Ajin Adda

Asabar, bayan la'asar

Matata Ikilima ta ce tunda na daina barci kuma na daina yi mata magana, gara in riƙa rubutawa kafin kaina ya fashe. To ga shi. Ni Is'haƙa mai faci na bakin tasha, rabona da biro tun barin sakandare.

Adda Fatsuma na makarantar firamare har yanzu, ajin ƙarshe wajen dalbejiya, ita da sauran matan ƙauyenmu na bayan Gangara da sunka gudo. Ita ta goye ni bayan rasuwar Inna, ita ta tsaya na yi aure. Yau tana kwana bisa tabarma, ni ina bisa katifa. Na je da babur in ɗauko ta, ta ce a'a. Ranar da 'yan bindiga sunka shigo ƙauyen, mijinta Usaini ya tura ta cikin gero ya ce ta bi mutane, ta tsaya inda sunka tsaya, can za shi same ta. Shi bai fito ba. Sun tafi da shi da wasu.

Na ce, "Adda, gidana ɓoye yake? Duk Sabon Birni wa bai san shagona ba? In ya zo ba sai a nuna mishi ba?"

Ta ce, "Bai ce gidan Is'haƙa ba. Inda mutane sunka tsaya yac ce."

Kan Adda ya fi tayar tirela tauri. Na aje mata tuwo na dawo.

Lahadi, da hantsi

Ba labari.

Litinin, bayan azahar

Surayya, malamar asibitin da ke kula da mutanen makaranta, ta turo babur ɗinta faci. Ina cire ƙusa tana ba ni labari. Ciwon nan na damina ya shiga makaranta, wanda mutum ke wayewa lafiya kafin magariba ruwan jikinai ya tsiyaye. Sun kafa rumfa bayan ofishin hedimasta suna ƙarin ruwa. Suna da hodar kulorin, amma ba abin feshi. Da bokiti da tsintsiya suke yayyafawa, rabi ƙasa ke sha, bangon masai kuwa ko taɓa shi ba a yi. An ce za a aiko da na feshi daga Sakkwato, hanya kuma kowa ya san halin da take ciki. Na manoma duk an baro su ƙauyuka, 'yan waɗanda ke gari sun sha maganin ciyawa har robar ta kama wari, ta ce ba ta yarda a shiga da su inda yara ke rarrafe.

Na tambaye ta wane aji. Ta ce na biyu da na uku. Ajin Adda na ƙarshe ne, amma masai guda suke shiga.

Na ce mata iska ita ce sana'ata. In dai iska ce ke tura ruwa, ta ba ni lokaci kaɗan. Ta dube ni kamar na ce za ni ƙera jirgi.

Talata, da yamma

Na samu jarkar man gyaɗa ruwan ɗorawa, na wanke da omo har hannuna ya yi fari. Na huda murfin da ƙarfe mai zafi, na dasa bawul ɗin tayar babur, na liƙe da gam da faci ciki da waje. Ƙasan jarkar na huda na sa tiyo. Na cika ruwa rabi, na ɗora famfon keke na fara bugawa.

Jarkar ta kumbura kamar akuya mai ciki. Ina murna ke nan murfin ya tashi, fau! Ya wuce gefen kunnena ya bugi kwanon Malami mai shayi. Ruwa ya wanke ni tun daga gemu. Malami ya riƙe ciki shina dariya, wai in za ni kashe mutane in bari ya kwashe kofunanai tukuna. Ban yi dariya ba. Daga baya na yi kaɗan.

Laraba, da hantsi

Zaren murfin ne ba ya riƙe iska. Na naɗe shi da roba, na yanka tsohon tub ɗin taya na ɗaure cikin jarkar tamau kamar mai karaya, don kada ta sake kumbura. Na shafa ruwan omo ko'ina ina neman kumfa, yadda nike wa taya. Wuri biyu na huci. Na toshe, wani ya buɗe. Shegiyar jarka.

Bututun na sa na ƙarfe da farko, Surayya ta ce kulorin zai cinye shi, na sauya da na roba irin na famfo. Makunnin na ciro jikin tsohuwar kular ruwa ta Ikilima, ba ta sani ba tukuna. Bakin feshin ne ya ci mini rai: in hudar ta yi faɗi ruwa ya zubo kamar na buta, in ta yi ƙanƙanta ya toshe. Murfin biro na huda da allura mai zafi, na ɓata guda nawa ban sani ba.

Laraba, bayan magariba

Na kai wa Adda fura. Ta tambaye ni ko an kira kan maganar Usaini. Layinmu ya ɗauke tun jiya, sai mai layin Nijar, shi ma sai ya hau bisa tudu. Na ce ba a kira ba.

Ta shimfiɗa tabarma biyu a kusurwarta. Tana kwana bisa guda, ɗayar ba wanda ke hawa, ko yaro ya taka sai ta kore shi ta kakkaɓe.

Alhamis, bayan la'asar

Ya yi! Wallahi ya yi. Ruwa ya fita siriri ya baje kamar yayyafi, ya kai har saman bangon shago. Bugu ashirin da wani abu, ka zagaye ɗaki kafin ya nemi ƙari. Malami ya ce yanzu ya yarda ba mahaukaci ba ne ni, rabi ne.

Igiya na yanka kafaɗa, sai Ikilima ta ba ni tsohon majanyinta. Ta ga makunnin kularta jikin bututu, ta harare ni. Ita ta ɗaure mini jarkar a baya yadda ake goyo, ta ja ƙulli a ƙirji. Ta ce, "Allah raya."

Yau na ci tuwo har na nemi ƙari.

Juma'a, bayan sallah

Na shiga makaranta da goyona, mata sunka yi ta shewa. Wata tsohuwa ta ce, "Is'haƙa, mace ko namiji?" Adda ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Rabon da in ga Adda ta yi dariya tun kafin abin nan.

Niyyata in fara da masai. Surayya ta tare ni a hanya, fuskarta ba daɗi. Wani dattijo na aji biyu ya cika da safe, an fita da shi, tana son a feshe inda ya kwanta kafin mutane su koma. Ta dama mini kulorin, ta ba ni ƙyalle na ɗaure hanci. Na shiga na feshe ƙasa da bango da ƙofa, mutane na tsaye waje suna kallo ta taga. Ba wanda ya ƙara cewa Allah raya.

Sannan na yi masai duka. Idanuna sun yi ja, bayana ya jiƙe.

Asabar, da hantsi

Wata yarinya, aji uku. Surayya ta aiko. Na feshe.

Lahadi, da yamma

Biyu yau. Na feshe.

Bawul ya fara huci, kulorin na cin robar ciki. Na sauya.

Litinin, bayan azahar

Yau na ce bari in bi azuzuwa duka, ba sai an rasa wani ba. Haka Surayya ke so tun farko, yawan aikin gawa ne ya hana. Ina shiga harabar yara sunka watse. Wata mata ta fizge ɗanta ta shige aji ta turo ƙofa. Na ji wani yaro na cewa, "Ga mai feshi nan, wa ya mutu?"

Na nufi ajin ƙarshe. Adda ta fito ta tsaya bakin ƙofa, hannu guda kowane gefe.

Ta ce, "Ina za ka?"

Na ce, "Adda, share muku wuri za ni yi. Rigakafi ne."

Ta ce, "Ba a mutu ba nan."

Na ce ai don kada a mutu ne. Na yi bayani har miyauna ya ƙafe: ƙwayar ciwon ba a ganinta, tana ƙasa, tana hannun ƙofa, tana bakin buta. Matan ajin na bayanta suna saurare.

Adda ta ce, "Mu manoma ne, Is'haƙa. Mun san abin da aka wa feshi. Ciyawa aka wa, ta bushe. Tun da kas shigo da abinga, wane ɗaki kaf fesa ba a fidda mutum cikinai ba?"

Na ce ai bayan an fidda su nike fesawa, ba kafin ba.

Ta ce, "To shi ke nan. Bayan an fidda mutum. Ka shiga ka fesa tabarmar Usaini, gobe a ce Fatsuma ta fidda rai, ta fara takaba. Ba da hannunka ba, ɗan Inna. Kai abinka gaba."

Na yi fushi, na faɗi magana mai zafi. Na ce tabarma ba ta numfashi, ke ke numfashi. Ta dube ni yadda take dubana ina yaro in na fasa mata tulu. Na juya. Goyon ya yi mini nauyi har tasha.

Talata, da asuba

Ba labari. Hanyar Isa a rufe.

Laraba, da yamma

Surayya ta zauna bisa bencin shagona ta yi kuka. Ta ce tun farkon mako ba a kawo mata marar lafiya da ƙafa tai, sai a tabarma, ido ya riga ya faɗa. Ɓoye su ake bayan buhuna, a ce zazzaɓi ne, don kada ta sani ta aiko ni. Wata uwa ta rantse mata da Allah ɗanta barci yake.

Na ce to in daina zuwa mana. Ta ce in na daina, masai fa?

Garin neman gira ke nan. Na zauna ina kallon jarkar nan a kusurwa, na rasa ko in taka ta ko in goya ta.

Alhamis, bayan azahar

Mun je wurin limamin da ke ja musu sallah a makaranta. Mutumin kirki ne. Bayan sallah ya tashi ya ce tsabta na cikin imani, wannan ruwa ba na mutuwa ba ne, ya sa na fesa mishi tafin hannu da takalmi gaban kowa. Maza sun gyaɗa kai. Aji guda ya yarda, na feshe shi fes.

Kafin la'asar wata tsohuwa ta ajin ta kwanta. Surayya ta ce tun jiya take ɗauke da ciwon, ba ta faɗa ba. Wa za ka gaya wa haka ya ji?

Juma'a, da hantsi

Yanzu in za ni wurin Adda sai in bar jarkar shago, in yi wanka, in sauya riga. Duk da haka tana jin warin. Ta ce ina warin rumfar Surayya.

Na same ta da ɗiyar maƙwabciyarta bisa cinya, yarinyar ta yi laushi. Uwar ta ce haƙori ne. Adda na goge mata jiki da gefen zanenta, da hannun nan kuma take damun fura. Na ɗauki yarinyar da ƙarfi na kai rumfa, uwar na bina tana zagi. Ta zage ni har kakana, wanda shi ne kakan Adda.

Na dawo na durƙusa gaban Adda. Ni da gemuna. Na ce ko ba feshi, ta zo gidana kwana biyu rak, in rubuta sunanta da kwatancen shagona jikin allo da alli, in Usaini ya zo ya gani. Ta ce Usaini bai iya boko ba. Na ce a sa malam ya rubuta da ajami. Ta ce, "Idona za shi fara nema, ba allo ba."

Na bar mata sabulu da ruwan wanke hannu a gora. Ta karɓi sabulun. Goran ta shinshina ta miƙo mini.

Asabar, bayan la'asar

Yarinyar ta tashi, har ta sha koko. Na ce Alhamdulillahi, ga hujja. Uwar ta ce ai da ma haƙori ne.

Lahadi, da yamma

An kira! Wani ɗan ƙauyenmu mai layin Nijar ya zo shago a guje. An sako wasu, sun fito ta wajen Turba, suna Isa ana duba ƙafafunsu. Ya ce an ambaci wani Usaini, amma Usaini biyu ne aka tafi da su, bai san wane ba.

Na je na gaya wa Adda. Tana kwance, ta ce kanta ke ciwo don rana. Da ta ji, ta tashi zaune ta gyara ɗankwali, ta ce, "Nawa ne." Ta sa aka kakkaɓe tabarmar. Ta ce in nemo mata lalle.

Muryarta ta shaƙe. Na lura, na ce kuka ne. Leɓenta ya bushe, na lura da wannan ma. Na tambaye ta sau uku ko lafiya take, ta ce in bar ta da fitina, mijinta na hanya.

Litinin, da hantsi

Tun jiya da safe ashe. Matan ajin duk sun sani. Ita ta roƙe su kada su faɗa, wai in aka ji za a kai ta rumfa a turo ni da jarka, Usaini ya zo ya tarar an feshe wurinsu.

Ni na ɗauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A hanya ta ce, "Kada ka bari a naɗe tabarmar." Na ce to.

Surayya ta nemi jijiya hannu biyu ba ta samu ba, sai a ƙafa.

Litinin, bayan isha'i

Ledar ƙarin ruwa ta huɗu. Tana buɗe ido in na kira ta. Ikilima ta kawo lallen, shina aljihuna.

Ya Allah. Ni iska kawai na iya sawa cikin abu. Ya Allah.

Talata, bayan la'asar

Mun kai Adda bayan azahar. Ƙasa ta yi taushi saboda ruwan jiya, ba a sha wuyar haƙa ba.

Laraba

Ban buɗe shago ba.

Alhamis, da yamma

Surayya ta zo da kanta da safe. Ta tsaya tana kallon jarkar. Akwai yara cikin ajin nan, na sani. Ta ce in ba ni iyawa ita za ta goya. Na ce a'a. Ikilima ta ɗaure mini, ba ta dube ni ba.

Matan sun fitar da kayansu tun kafin in iso, ba wadda ta tare ƙofa. Kusurwar na bari ƙarshe. Tabarmar Adda an ƙone ta tun ranar Talata. Ɗayar na nan shimfiɗe, ba wanda ya taɓa. Ban naɗe ta ba. Na feshe ta a shimfiɗe, daga kai har ƙafa.

Ina cikin haka na ji babur ya tsaya a harabar, na ji makarantar ta yi tsit. Ban waiga ba, na aza wata gawar ce. Sai inuwa ta tare hasken ƙofa.

"Sannu da aiki, malam. Nan ne ajin mutanenmu na bayan Gangara?"

Ya rame har wuyan rigatai ya zame kafaɗa, ƙafafu naɗe da tsumma, shina dogara sanda. Bai gane ni ba saboda ƙyallen. Ya dubi jarkar da bututun, irin duban manomi, har ya ɗan yi murmushi ya ce, "Ikon Allah. Ciyawa ta fito cikin aji?"

Duk makarantar nan babu wanda bai san abin da goyona ke nufi ba, sai shi.

Na sauke ƙyallen. Ya ce, "Is'haƙa! Ashe kai ne. Ina take?"

Na manta ban rufe makunnin ba, ruwa na ta zuba bisa ƙafata. Wata tsohuwa daga waje ce ta fara salati, sauran sunka ɗauka. Ya juya ya dube su, ya juyo ya dubi tabarmar da ke jiƙe, sannan ya zauna nan bakin ƙofa, a hankali, kamar mai tsoron ƙasa ta fashe.

Alhamis, bayan magariba

Shina gidana. Ikilima ta kawo mishi fura, bai sha ba. Tun da munka zo magana guda ya yi. Ya ce, "Ta jira ni inda nac ce?"

Na ce ta jira.